Ƙarin gada, bas ko jirgin ƙasa: wanne ne zai sauƙaƙa zirga-zirga a Kano?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce gare ni ga masana harkar titi da sufuri. Daga zamanin Kwankwaso zuwa yau an yi gadar Ƙofar Nasarawa, an yi ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga da Ƙofar Ruwa, ga ta Dangi mai hawa uku, ga doguwar nan ta Sabon Gari, ga ta Hotoro. Amma duk wanda ya biyo ta Bata ko Kantin Kwari ko Kurna bayan La'asar ya san cunkoson yana nan daram. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi, musamman mai fitowa daga nesa kamar Rijiyar Zaki ko Mariri ko Panshekara.

To ina gizo yake saƙar? Gadojin ne ba su isa ba, ko kuwa can asali ba su ne maganin ba? Idan za a tsara sufurin da zai ɗore shekara ashirin ko talatin, da me ya kamata a fara? Wasu na cewa a kawo manyan bas irin na Legas, wasu na cewa sai jirgin ƙasa na cikin gari, wasu kuma na cewa a rage adaidaita kawai a huta. Ina neman bayani na lissafi da aiki, ba na siyasa ba.

Injiniyan Hanya

Wa alaikumus salam Malam. Gada tana da amfaninta, amma mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motocin da da suke jira a shataletale, yanzu sai su wuce a guje su je su taru a mahaɗa ta gaba. Kuma duk titin da ya yi sauƙi, masu kauce masa a da sukan dawo kansa, cikin 'yan shekaru ya sake cika. Matsalarmu ita ce muna ƙirga motoci, alhali mutane ya kamata mu ƙirga.

Ga lissafin. Layi ɗaya na titi, mai faɗin mita uku da rabi, yana wuce da ƙananan motoci wajen 1,800 a awa idan babu tsayawa. A mahaɗa mai danja, inda koriyar fitila ba ta wuce kashi 40 cikin ɗari na lokaci ba, adadin zai dawo wajen 720. A ce mutum biyu ne a kowace mota, mutum 1,440 ke nan. Wannan layin dai, idan aka ware shi ga bas mai tsawon mita 12 da ke ɗaukar mutum 70 a zaune da tsaye, bas ɗaya na wucewa kowane minti ɗaya, mutum 4,200 ne a awa. A Bogota ta Kolombiya, inda aka buɗe tsarin TransMilenio a shekarar 2000, da dogayen bas da layin wuce juna a tashoshi, ana kwashe sama da mutum 30,000 a awa ta hannu ɗaya. Kano ba ta buƙatar wannan adadin yanzu, na kawo shi ne don a ga iyakar abin da titi zai iya.

Matakin farko ƙidaya ce, kuma ita ce mafi arha. A tsayar da masu ƙirga a manyan hanyoyin shiga gari, wato titin Zariya da na Katsina da na Gwarzo da na Haɗeja da na Maiduguri, daga ƙarfe shida na safe zuwa goma na dare. Duk minti 15 a rubuta ababen hawa nawa suka wuce, wane iri, mutum nawa a ciki. A yi Talata da Laraba da Alhamis, a yi Juma'a daban domin tafiyarta daban ce. Kada a yi cikin azumi ko lokacin hutun makarantu, alƙaluman za su yi ƙarya. Sannan a tambayi fasinjoji a tashoshi: daga ina, zuwa ina, sau nawa ka sauya abin hawa, nawa ka biya. Daga nan ne za a san hanyar da ta cancanci a fara da ita. A fara da hanya ɗaya tak.

Yanzu adadin bas. A ɗauka hanyar kilomita 12 ce. Idan bas yana da layinsa shi kaɗai, zai riƙa yin kilomita 18 a awa har da tsaye-tsaye: minti 40 zuwa, 40 dawowa, hutun minti biyar a kowane ƙarshe, jimla minti 90. Kana son bas ya iso kowane minti biyu, sai ka raba 90 gida biyu, bas 45. Ka ƙara biyar na ko-ta-kwana, 50. Za su kwashe mutum 2,100 a awa, aikin adaidaita 525 ke nan idan kowanne ya ɗauki huɗu. Amma a saki waɗannan motocin cikin cunkoso suna yin kilomita 10 a awa, zagayen ya koma minti 154, kana buƙatar bas 77 don yin aiki iri ɗaya. Ƙarin bas 32 da direbobinsu da mansu, kuma fasinja zai ga adaidaita yana kutsawa yana wuce shi, gobe ba zai dawo ba. Abin da ya samu motocin Aayalolo na Akara a Ghana ke nan bayan an fara su a 2016: motoci masu kyau, amma mafi yawan hanyar ba su da layin kansu.

Layin kuma a tsakiyar titi ya kamata ya kasance, ba a gefe ba. Gefen titi a Kano na mai fakin ne da mai sauke kaya da mai tebur da mai ɗaukar fasinja, babu adadin 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar titi, da zai iya tsare shi tun safe har dare. A raba layin da dakalin kankare, fenti kaɗai ba ya hana kowa shiga. Tasha duk mita 500 ko kusa da haka, faɗinta kada ya gaza mita huɗu. Inda bas ke tsayawa a zuba kankare mai kaurin santimita 20 zuwa 25, domin kwalta a zafin watan Afrilu takan loma ta yi kwari a daidai inda taya ke cin birki.

Mai Lissafin Tasha

Injiniya, lissafinka ya fita, amma ka bar babban abu a baya. Ba siminti ne ke kashe irin wannan tsari ba, balas ne.

Me ya sa ɗan adaidaita yake tsayawa a tsakiyar mahaɗa ya ɗauki fasinja? Ba lallai rashin tarbiyya ba ne. Kafin ya ga sisin kansa sai ya haɗa balas na mai mashin, ko kuɗin bashin da ya ɗauko shi a kai, ya sha mai, ya biya haraji da kuɗin ƙungiya. Duk fasinjan da ya bari, na bayansa ne zai ɗauka. Ka ba direban babban bas irin wannan sharaɗin, zai yi abin da ɗan adaidaita ke yi, sai dai da mota mai tsawon mita 12. Zai zauna a tasha yana lodi sai ta cika, zai yi tsere da ɗan'uwansa, zai ƙi fita da tsakar rana saboda ba ciniki. Zancen bas kowane minti biyu ya tashi ke nan.

Maganin shi ne a raba kuɗin fasinja da aljihun direba. Kuɗin shiga duka su tafi asusu ɗaya, ta kati ko tikiti, kamar katin Cowry na Legas. Hukuma ta biya kamfanin bas gwargwadon kilomitar da motocinsa suka yi, na'urar bin sawu ce shaida. A cire masa kuɗi idan ya makara, ko ya tsallake tasha, ko ya fito da mota ƙofa a ɓalle. Direba ya koma mai albashi da awannin aiki sanannu. A cikin yarjejeniyar a rubuta yadda kuɗin kilomita zai riƙa motsawa idan farashin mai ko na dala ya motsa. In ba a rubuta ba, ranar da mai ya tashi kamfani zai fara cin kuɗin gyara, cikin shekara guda rabin motocin suna kan dutse. Kuma gwamnati ta san tun farko cewa kuɗin fasinja da wuya ya biya komai, ta ware cikon a kasafi kowace shekara.

Sai maganar masu cewa a rage adaidaita a huta. A tuna yadda muka zo nan. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da su, musamman don mata su daina hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai adaidaita ya gaji aikin gaba ɗaya. Yau shi ne sufurin garin. Da suka yi yajin aiki a Janairun 2022 kowa ya ga yadda mutane suka riƙa takawa a ƙasa zuwa kasuwa da makaranta. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar aka sanar da hana su bin wasu manyan hanyoyi don motocin bas na gwamnati da ake kira Kanawa su maye gurbinsu, ba a je ko'ina ba aka janye. Dalilin a fili yake, koma kan lissafin Injiniya: motocin da aka tanada ba za su iya kwashe mutanen da adaidaita ke kwashewa ba.

Inda abin ya yi aiki, da masu sana'ar aka yi. A Dakar tun 2005 aka haɗa masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, suka miƙa tsofaffin aka ba su sababbi bashi, da sharaɗin tikiti da tasha da hanya tsayayya. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, da aka fara tsarin manyan bas na Rea Vaya a 2009, masu ƙananan bas na hanyar sun ajiye motocinsu sun karɓi hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da manyan. A nan ma sai a yi rajistar masu bin hanyar da aka zaɓa kafin a sanar da komai, domin da zarar an ji za a raba wani abu sunaye za su ninka. Wasu su zama masu hannun jari, wasu direbobi da masu tikiti da masu gadin tasha. Sauran a ba su aikin da babban bas ba zai taɓa iyawa ba: kwaso mutane daga lungunan cikin birni da unguwanni irin Ɗorayi da Rimin Kebe da Sheka zuwa bakin tasha. A yi musu wurin tsayawa a kan titin da ya shigo daga unguwa, kamar mita 30 kafin mahaɗa, ba a bakinta ba.

'Yar Fagge

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Gwammaja, duk fasinjan bas da ƙafa yake fara tafiyarsa, da ƙafa kuma yake gamawa, kuma a nan ne muka fi rauni. Tasha a tsakiyar titi tana nufin kowane fasinja sai ya tsallaka. Idan amsar ita ce gadar masu tafiya a ƙasa, to a sani tsohuwa da mai ciki da mai goyo da mai baro da mai keken guragu ba za su hau matakala ta sama da mita biyar ba. Za su bi ta ƙasa, ko an sa waya za a yanke ta. Abin da ke aiki shi ne wurin tsallakawa a ƙasa, a ɗan ɗaga shi ya yi tudu daidai da dakalin gefen titi don mota ta rage gudu dole, da danja mai ba masu tafiya lokaci. A lissafa mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya: titi mai faɗin mita 11 kafin a kai tsakiya yana son daƙiƙa 11, a ƙara biyar ko shida na tasowa.

Hanyar ƙafa kuwa muna da filinta, lambatu ne a buɗe ya cinye shi. A rufe shi da sulab mai ƙarfi, a bar murfin da ake ɗagawa duk 'yan mitoci don yashewa kafin damina, an samu mita biyu na tafiya ba tare da an rushe shagon kowa ba. In ba a bar wurin yashewar ba, leda da yashi za su toshe shi, ruwan Agusta ya hau titi, kwaltar ta tashi. A dasa darbejiya duk mita takwas zuwa goma. A garin da zafi ke haura digiri 40, rumfa da inuwa ba ado ba ne, su ne ke sa mutum ya yarda ya jira. Masu tebur kuma kada a ce za a kore su, za su dawo. A shata musu layi a bayan hanyar ƙafar.

Abu na biyu, mata. Adaidaita ya karɓu ne saboda mace tana shiga da 'ya'yanta da kayanta hankali kwance. Babban bas da ake cusa mutum 70 ba zai samu mata ba sai an ware musu ɓangare da ƙofarsu, an sa fitila a tasha, an bar wurin ajiye kaya. In aka rasa mata da 'yan makaranta, cinikin tsakar rana ya tafi.

Na uku, kasuwanni. Cunkoson Kwari da Singa da Sabon Gari rabinsa ba na fasinja ba ne, na kaya ne: tirela a tsaye, kurkura, 'yan dako. A sa wa manyan motoci lokacin shiga, daga dare zuwa kafin bakwai na safe, da wurin jira a wajen gari ta bakin baifas. Wannan ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, zama da shugabannin kasuwa yake ci.

Sannan gari yana ta miƙewa ta Kumbotso da Ungogo, ana yanka filaye ana barin lungun da mota biyu ba za su gifta ba. Idan KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba ta shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30 zuwa 40 ba tun wurin yana gona, duk bayan kamar kilomita ɗaya, nan da shekara goma sha biyar sai an biya diyyar rusau kafin bas ya shiga.

Ɗan Gwammaja

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma Injiniya ba ka taɓa zancen jirgi ba. Ba gara a yi mai gaba ɗaya ba, tunda garin ƙaruwa yake yi?

Injiniyan Hanya

Jirgi yana da ranarsa, Malam, amma kuɗin kilomita ɗaya na dogo zai gina kilomitoci da yawa na layin bas, kuma kusan komai nasa da dala ake saye. Dubi Addis Ababa: an buɗe jirgin cikin gari a 2015 da jirage 41, bayan 'yan shekaru da yawansu suka tsaya saboda rashin kayan gyara. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai 2024, kuma tashoshinsa da dama sun yi nisa da inda jama'a suke zaune. Legas kuwa da bas ta fara a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Sai a 2023 jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja. A tsakanin nan LAMATA, hukumar sufuri ta Legas, ta koyi ƙidaya da kwangila da tikiti. Ni a ganina wannan hukumar ce abin kwaikwayo kafin motocin: hukuma ɗaya mai iko da hanya da farashi da lasisi a duk ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, da doka a bayanta, yadda canjin gwamnati ba zai tafi da ita ba.

Abin da za a yi wa jirgi yanzu shi ne a tsare masa hanya. Filin tsohon layin dogo da ya ratsa gari kada a bari a gine shi. Layin bas na tsakiyar titi ma, ranar da fasinja suka fi ƙarfinsa, a kansa za a shimfiɗa dogo.

Hajiya 'Yar Fagge ta yi gaskiya kan tsallakawa. Zan ƙara da cewa mahaɗa ce ke cinye lokacin bas. A mahaɗun da layin ya ratsa a hana karya hagu kai tsaye, mai son hagu ya wuce ya zagayo, sai danjar ta koma zagaye biyu ko uku maimakon huɗu, dukansu kada su wuce daƙiƙa 90. A Delhi ta Indiya an yi layin da bai kai kilomita shida ba a 2008, mahaɗun suka cushe, masu motoci suka yi ta ƙorafi, a 2016 aka rushe shi.

Bakaniken Ƙofar Ruwa

Ni ta ɓangaren gareji zan sa baki. Kada a sayo bas kala biyar daga ƙasa biyar. Kala ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma a cikin kuɗin sayen a haɗa da kayan gyara na shekara biyu zuwa uku da horar da makanikai a nan gida. In ba haka ba, ranar da ƙaramin abu ya lalace za a ciro na wata motar a sa, daga nan an fara yanka su ɗaya bayan ɗaya.

Motar da aka ƙera don ƙasar sanyi ba ta jure mana. A nemi babban lagireto da matatar iska mai hawa biyu. Lokacin hunturu ƙura na toshe matata cikin 'yan kwanaki, inji ya riƙa shan mai yana hayaƙi, wanda ya bi jadawalin da ke littafin kamfani zai kashe inji. Bas mai ƙasa-ƙasa yana da daɗin shiga, amma tudun rage gudu irin wanda unguwa ke yi da kanta zai fasa masa ciki. Hajiya, tudun tsallakawarki a yi masa gangara mai tsawo ta kowane gefe, ko a bar layin bas ɗin a shafe.

Garejin kansa a gina shi kafin motocin su iso, da ramin duba ƙasan mota da wurin wanki da famfon mai nasa, a kusa da ƙarshen hanya don kada a riƙa ƙona mai ba fasinja. Kuma a kan tudu. A Darussalam ta Tanzaniya, da aka fara bas ɗinsu a 2016, an sa garejin a Jangwani cikin kwarin kogi, ambaliya ta sha shiga ta lalata motoci.

Batun gas kuma, wato iskar gas ta CNG da ake sa wa mota, ya fi dizal arha da tsabta, amma sai an tabbatar da inda za a sha. Bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano shi ne zai sa abin ya zauna. Gas ɗin da ake kawowa a mota, ranar da ta makara a hanya motoci hamsin ne za su kwana a layi. Tukunyar gas ta mota tana ɗaukar matsi har bar 200 a ma'aunin matsi, ba irin ta girki ba ce, kuma ba a yi mata walda. Masu sa wa adaidaita tukunya a bakin titi su kiyaye wannan: a duba hatimi da ranar gwaji a jikinta, a ɗaure ta da maɗauri biyu na ƙarfe da roba a tsakani, a gwada kowace mahaɗar bututu da ruwan sabulu kafin a tayar da inji.